Neman Ilmi ta Wayar Hannu da Matsayin Sana'a a Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna yadda matasan ƙasar Rano da Kibiya za su ci moriyar ilmin da ke zuwa ta wayar hannu, ba tare da sun rataya burinsu duka a kan aikin ofis ba.

2.0 Tushen Matsalar

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a shekarar 1976, iyaye da yawa suka ɗauka cewa amfanin boko shi ne kujera da albashi. Amma kujerun ƙaramar hukuma ƙidayayyu ne, masu takardar shaida kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Wanda ya sami kujerar ma yakan wayi gari albashi bai ishe shi ba, aikin kuma bai kwantar masa da rai ba. Alhali kuwa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da baba da rini ta yi suna, watau da sana'ar hannu.

3.0 Sabuwar Hanya da Iyakarta

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aka kuma farfaɗo da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa a 2002. A yau saurayi yana zaune a Kibiya zai iya kallon yadda ake gyaran injin ban-ruwa, ko haɗa abincin kaji, a YouTube. Sai dai akasarin darussan da Ingilishi suke, sayen data da cajin waya kuma kuɗi ne. Babbar illar ita ce, majigi ba ya tsawata wa mai koyo in ya yi kuskure. Wanda ya auna maganin feshi ba daidai ba, amfanin gonarsa ne zai ƙone.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ganin wajibi ne a haɗa ilmin waya da tsohuwar al'adarmu ta zama a hannun gwani. Makarantar fasahar karkara da koyon sana'a da ke Rano, wadda ke ƙarƙashin Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ta dace ta zama mahaɗar su biyun: ɗalibi ya kalli darasi da dare, da safe ya gwada shi a gaban malami.