Ko Kun Sani? Wayar Hannu Na Iya Ɗauko Kaza Da 'Ya'yanta

Ko kun san cewa taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta sun haura 1,000, alhali ido shida ko bakwai kawai yake gani? Hasken da ke isowa gare mu daga can ya shafe sama da shekara 400 a hanya.

A gari irin Musawa, inda fitilu ba su dushe sararin sama ba, daga tsakar gida ma ana iya ɗaukar hotonsu. Lokaci mafi kyau shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwan damina ya wanke iska, hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi kuma bai sauko ba. A zaɓi daren ƙarshen watan Musulunci, domin farin wata yana dusashe taurari.

Bayan isha'i a fuskanci gabas, a jingina wayar a kan turmi ko katanga don kada ta motsa, a bar idon kyamara buɗe na daƙiƙa 10 zuwa 20. In aka zarce haka da yawa, juyawar duniya za ta mayar da taurarin zare-zare.

Wajen gyara hoton da manhaja irin Snapseed, a ƙara haske kaɗan, a rage dishi-dishi, amma kada a dasa tauraron da babu shi. Matasa, ku gwada a kakar bana.