Kwabo mai huji: abin da ke sa tsohon kuɗi ya yi tsada

'Yan uwa mazauna Agege, Sabo ta Ibadan da Ama Awusa ta Owerri, da yawanmu mun baro gida da tsofaffin kuɗi a ƙasan akwatin kaka: anini, ɗari, kwabo mai huji. Kwanan nan kuma masu yawo suna tambayar su sun yi yawa, wasu a kasuwa, wasu a WhatsApp. To kafin ka sayar ko ka saya, ka san cewa tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Abin da masu tara kuɗi ke bi shi ne ƙaranci, musamman wanda aka yi kuskure wajen buga shi.

A Amurka wannan harka ta daɗe. Sun fara buga sent na jan ƙarfe a 1793, a lokacin da ake sassaƙa hatimin bugu da hannu, don haka kuskure ya yi yawa. Akwai na 1801 da aka rubuta 1/000 a maimakon 1/100. Irin waɗannan su ake rububi a kai.

Mu ma muna da namu. Turawa sun fara buga anini da kwabo a 1907, da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci. Aninin farko da alminiyom aka yi shi. A ƙasar Ingila ake bugawa, kuma ƙaramin harafin H da za ka gani a jikin wasu alamar kamfanin Heaton ce ta birnin Bamingam.

Kuskuren da ya fi shahara shi ne haɗa fuskoki biyu da ba nasu ba ne. Akwai kwabo na 1936 da aka haɗa gefe ɗaya na Afirka ta Yamma da gefe ɗaya na Afirka ta Gabas. Akwai na 1945 mai sunan Sarki Edward na takwas, alhali ya sauka daga mulki tun Disambar 1936. Akwai kuma na 1956 mai sunan Sarki George na shida, wanda ya rasu a 1952. Ka ga ke nan sai ka duba suna, ka duba shekara, ka ga ko sun dace. Amma kwabo na 1936 mai sunan Edward kawai, ba tare da wannan haɗin ba, an buga shi da yawa, ba wani tsada yake ba.

Mu 'yan Maiduguri akwai tarkon da ya fi kama mu: azurfar nan mai hoton mace da Barebari ke kira gursu, wadda mata ke sawa a kayan ado. Kuɗin Sarauniya Mariya Tereza ne na ƙasar Ostiriya, da shi aka yi ciniki a Borno tun zamanin Kukawa. Kusan kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki. Wannan shekarar rasuwarta ce, aka ci gaba da bugawa da ita har bayan shekara ɗari biyu. Yawanci darajarsa ita ce nauyin azurfarsa, wajen giram 23, kuma akwai na jabu.

Duk wanda ya san Kasuwar Shanu ya san ba a sayen sa ba a duba haƙori ba. Haka nan ma. Kada ka goge kwabo da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gugar tana karya masa farashi. Ɗauki hoton gaba da baya, ka gwada da na shafukan masu tara kuɗi a intanet. Wanda ya ce maka kwabonka na jan shinkafa ko yana da sinadarin miliyoyi, sai dai ka fara biyan kuɗin gwaji, wallahi ɗan damfara ne, mai saye na gaskiya ba ya karɓar ko sisi a hannunka.

Idan ka duba ba ka sami mai kuskure ba, ajiye abinka. Yaran da aka haifa a kudu ba su san abin da ake kashewa kafin naira ta zo a 1973 ba, gara su gani da idonsu.