Kunkuru ba ya sallama

A ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana, in kunkurun gida zai ɓace, da farkon damina yake ɓacewa. Duk bazara yana kwance cikin raminsa a bayan rumbu, ko ganyen da aka jefa masa bai cika kulawa ba, har yara su manta da shi. Ranar da aka yi ruwan shuka ƙasa ta yi taushi, sai a wayi gari a tarar da rami ƙarƙashin danga, gogan naka ya yi gaba.

"Inna, kin ga kunkurun Baba?"

"Yo ni aka ba tsaronsa? Ku duba bayan turken awaki."

A nan masu nema ke yin kuskure, su yi ta zagaye tsakar gida wai ai ba zai yi nisa ba. Sun manta sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma shi kunkuru ba ya tsayawa gaisuwa a hanya. Mai wayo sawu yake bi tun rana ba ta busar da ƙasa ba: layi biyu na karcen farce, da tazara a tsakani gwargwadon faɗin ƙirjinsa. Da hantsi da la'asar yake kiwo. In rana ta take, sai a leƙa gindin sabara, ko ƙarƙashin dutse, ko tsohon ramin wata dabba.

Babban kunkurun nan mai launin yashi ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal har Eritiriya. Masana na kiransa Centrochelys sulcata. A duk duniya kunkurun tsibiran Galapagos da na Aldabra ne kawai suka fi shi girma, ƙaton namiji yakan kai kilo 80 ko fiye, kuma yana iya wuce shekara 70, ya binne wanda ya kawo shi gida. Haƙa ita ce rayuwarsa. Ƙafafunsa na gaba masu kaurin ɓawo da su yake tona rami mai tsawon mitoci, inda sanyi da laima suke, ya zauna har zafi ya wuce. Wanda aka halitta don ya huda ƙasar fako, dangar kara ba ta isa ta tsare shi ba.

Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Mai karin maganar bai ga maza biyu sun haɗu kan mace ba. Ƙarƙashin wuyan namiji akwai wani ƙashi mai baki biyu da ya zarto, da shi yake sokar abokin karawa, yana neman ya kifar da shi. Wanda ya faɗi rigingine a rana, in bai samu ya juyo ba, ajalinsa ke nan. Dambe dai ya gagare shi, amma kokawa tasa ce. Neman mace ma na cikin abin da ke fitar da namiji daga gida in ciyawa ta fito.

A tatsuniyarmu Gizo ya ƙwace sarautar wayo, Yarabawa da Ibo kuwa kunkuru suka naɗa. Mu abin da muka bar masa shi ne asiri. Tsofaffi kan ce gidan da ke da kunkuru sammu ba ya kama shi, wasu ma in ya fita sai su ce wani abu ya hango. Ni dai na fi zargin yunwa da ƙamshin sabuwar ciyawa.

Da can in ya fita, daji ya koma. Yanzu dajin ne ya ƙare. Shanu sun cinye abincinsa, wutar daji na ƙone ƙananan, 'yan kasuwa na kwasa a kai ƙasashen waje, har a Amurka ana kiwonsa, can ma haka yake fasa shinge. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji don sayarwa, ƙungiyar IUCN kuma ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A Noflaye ta Senegal har wuri na musamman aka ware don renonsa. A Ruma kuwa, in sawu ya miƙa yamma wajen Dajin Rugu, nan neman ke tsayawa. Ba uban da zai tura ɗansa cikin 'yan bindiga saboda kunkuru.

In an yi sa'a, a gonar wake ake samunsa, mai gona ya ɗauko shi yana mita. Daga nan sai wani ya kawo shawarar a huda gefen ƙoƙon bayansa a zura igiya. Wannan mugunta ce. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a manne suke da shi, kuma yana jin zafi. Mai son kunkurunsa ya zauna, ya yi masa katanga mai zurfin tushe, ya jera duwatsu a gindinta, ya bar masa wurin haƙa da inuwa, ya riƙa yanko masa ciyawa maimakon ragowar tuwo. Ya kuma ɗiga masa ɗan fenti a gefen ƙoƙo, don in ya sake fita kada a kai ga mai unguwa kan ko na wane ne.