Zaɓen Irin Wardi Domin Lambun Gida a Wurno, Rabah da Goronyo

Jama'ar waɗannan ƙananan hukumomi uku ba baƙi ba ne ga aikin lambu. Albasa da tafarnuwa da shinkafar da ake samu daga fadamun gulbin Rima da na Sakkwato sun isa shaida. Sai dai furen wardi, wanda masu sayar da fulawa ke kira ros, baƙo ne a ƙasarmu, kuma da yawa daga cikin wanda ake dasawa a gidaje da makarantu da harabar ofisoshi ba ya ganin damina ta biyu. Akan ce hannun mai dashen ne ba shi da kyau, alhali kuwa tun ranar saye aka tafka hasara, domin an zaɓi itacen ne saboda kyan furensa ba tare da an tambayi inda ya taso ba.

Wardi shuka ce mai son sanyi. Birnin Ɗa'ifa na ƙasar Saudiyya, inda ake samun wardin da ake haɗa ruwansa da na Zamzam wajen wanke Ka'aba, yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,800. Gonakin Naibasha na ƙasar Kenya, masu aika fure zuwa Turai, su ma a kan tudu suke, haka nan Jos da ta haura mita 1,200. Mu kuwa muna kwari ne, inda zafi kan wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ruwan sama kuma bai cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka itacen da aka raina a Jos, aka sauke shi daga mota cike da fure, ba lalle ne ya jure bazararmu ba.

Irin da ya fi ɗaukar ido shi ne mai babban fure guda a kan dogon kara, wanda masana ke kira Hybrid Tea. An fara samar da shi a Faransa a 1867, kuma Peace, da aka fitar a 1945, yana cikin waɗanda suka fi shahara. A ganinmu wannan shi ne irin da mai farawa zai guje wa. Furensa yana ƙanƙancewa da zafi, gefensa ya ƙone, ga shi da cin taki da ruwa. Irin Floribunda, mai fitar da furanni a dunƙule, ya fi shi haƙuri, musamman farin nan Iceberg da aka samar a Jamus a 1958. Wardin Dimashƙa kuwa, wato na Ɗa'ifa, duk da ƙanshinsa sau ɗaya yake fure a shekara, kuma sai ya sha sanyi sosai, don haka ba mu ba da shawarar a sa rai da shi.

Waɗanda suka fi dacewa da mu su ne tsofaffin irin da manoman Indiya da Pakistan ke nomawa a filaye masu zafi kamar namu, wato Edward mai ruwan hoda da Gruss an Teplitz, ja mai ƙanshi, wanda ya fito tun 1897. Furensu bai kai na sauran girma ba, amma suna maimaita fure, kuma ana samun su ta hanyar dasa reshe ba sai an yi musu aure ba. Mun san cewa masu sayarwa ba su cika sanin waɗannan sunaye ba. Abin da ya fi suna amfani shi ne a nemi wardin da ya riga ya ƙetare bazara uku a wani gida na kusa, a roƙi reshe. A yanko mai kaurin fensir, tsawon kamar santimita 20, a cire ganyen ƙasa, a binne rabinsa cikin leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa. Cikin mako shida zuwa takwas yakan yi saiwa.

Wanda ya sayi mai aure kuma, sai ya duba gaɓar auren, kamar yadda ake duba na mangwaro. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan gaɓa na uwar gindi ne, a cire shi nan take, in ba haka ba zai shanye ƙarfin itacen a wayi gari da ƙaya ba fure.

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, domin itacen ya sami wata huɗu na hunturu ya kafa saiwa kafin zafi. A lokacin ne kuma ake yi wa tsofaffi aski, a rage rassa da almakashi mai kaifi. A zaɓi wurin da ke samun ranar safe na awa biyar ko shida, katanga kuma ta kare shi daga ranar yamma. Kada a dasa a ƙarƙashin dogon yaro, saiwarsa za ta ƙwace ruwan. A haƙa rami mai zurfi da faɗin rabin mita, a bar tazarar mita ɗaya tsakanin itace da itace. A jigawa a ƙara taki da yawa domin ƙasa ta riƙe laima. A laka irin ta bakin fadama kuwa a ɗaga kunya a gauraya da yashi, domin ruwan da ya kwanta a gindi yana ruɓar da saiwa. Ɗanyen taki yana jawo gara. Ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Wurno da Goronyo, yana rage bushewar ƙasa idan aka baza shi a kewaye, amma kada ya taɓa jikin itacen. Awaki kuma ba su tsoron ƙayar wardi, sai an yi shinge.

Batun ruwa shi ne ya kamata a lissafa tun kafin a fitar da kuɗi. A tsakiyar bazara babban itace guda kan buƙaci kusan bokiti ɗaya mai lita 10 kullum. Itace goma ke nan lita 100, wato jarka huɗu masu lita 25, kuma cikin kwana 90 jarka 360. Kasancewar madatsar Goronyo kusa da mu, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ba ta sa mu saki jiki ba, domin a farkon 2018 ruwanta ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Gidan da ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ya tsaya a itace biyu ko uku, ya binne tukunyar ƙasa a gefensu yana cika ta, ruwan na tsatsafowa a hankali zuwa saiwa. Ruwan wanki mai sabulu bai dace ba.

Muna kira ga shugabannin makarantu da ma'aikatan sashen gona na ƙananan hukumomi da kada su karɓi dashen wardi daga ɗan kwangila a watan Maris ko Afrilu, kuma kada a dasa inda ba a ajiye mai ban-ruwa ba har a ranakun hutu. Inda ruwa ya yi ƙaranci, lalle ya fi, ga shinge ga fure mai ƙanshi ga ganyen sayarwa. Akwai kuma kariya, wadda Turawa ke kira wardin hamada, mai fure ja-ja a tsakiyar rani ba tare da wani ban-ruwa na kirki ba. Sai dai ƙaronta dafi ne, har maharba kan shafa shi a kibiya, saboda haka kada a dasa ta a makarantun firamare ko kusa da turken dabbobi, kuma wanda ya yanke ta ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.