Na'urar gwada bawul ɗin tsohuwar rediyo: abin da ya kamata ka sani

Mene ne bawul?

Kafin a ƙirƙiro transista a Amurka a 1947, yawancin rediyoyi da bawul suke aiki. Bawul 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, da siririyar waya a ciki mai yin ja idan ta ɗauki zafi. Aikinta ƙara wa siginar da eriya ta kamo ƙarfi har ta zama murya. Shi ya sa tsohuwar rediyo ba ta magana da zarar an kunna ta, sai ta yi ɗumi. Lokacin da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, yawancin akwatunan da aka saurare ta da su irin waɗannan ne. Idan ka gaji irinta, kada ka yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan.

Me na'urar gwajin take yi?

Bawul tana tsufa a hankali, ido kuma ba ya gane mai rai da wadda ta gaji. Mai gyara yakan dasa ta a kan na'urar, ya ba ta wutar da aka ƙayyade mata, ya duba allurar mita. Ɗauki EL84, wadda ke tura sauti zuwa lasifika a rediyoyi da yawa: wayarta tana son bolt 6.3, farantin ƙarfen da ke cikinta bolt 250, kuma sabuwa tana jan kimanin miliamfiya 48, wato ma'aunin yawan wutar da ke ratsa ta. Idan allura ta tsaya can ƙasa, ta gaji. Na'urorin kamfanin AVO na Ingila suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki.

To ita na'urar, wa ke gwada ta?

Nan gizo ke saƙa. Na'urar da ta haura shekara sittin ita ma ta tsufa. Rizista, ƙaramin abin da ke rage gudun wuta, takan kauce daga adadin da aka rubuta mata. Kondensa, mai ajiye wuta, takan bushe ko ta riƙa yoyo. Ƙurar hunturu da laimar damina sukan sa makunnai tsatsa. Sai na'ura ta yanke wa lafiyayyar bawul hukuncin kisa, ko ta wanke matacciya. Kamar mudun da ya lotse ne: mai awo bai yi niyyar cuta ba, amma an cuci wani.

Maganin haka shi ne daidaitawa, wato gwada na'urar da abin da aka tabbatar da gaskiyarsa. Za ka auna kowace wuta da take fitarwa da mitar zamani mai lambobi, ka canza rizistar da ta kauce, sannan ka dasa bawul da ka riga ka san ƙarfinta, ka ga ko allura za ta faɗi gaskiya. Tsohuwar mita ma takan ja ƙurar ƙarfe cikin maganaɗisunta, allura ta riƙa maƙalewa.

Akwai wata matsala tamu ta gida. Wutar Najeriya bolt 230 ce a takarda, amma ta layi da ta janareta hawa da sauka suke yi. Yawancin na'urorin suna da makunnin saita wutar shigowa. Wanda bai saita shi kafin kowane gwaji ba, aikin banza ya yi.

Akwai haɗari?

Ƙwarai kuwa. Wutar cikin na'urar tana kisa, kuma kondensa kan riƙe ta bayan an zare soket. Kada ka jona wadda ta daɗe a ajiye kai tsaye. Masu gyara sukan sa ƙwan fitila mai zare a kan layin wutar: idan ya haska sosai bai dushe ba, akwai gajeriyar haɗuwa a ciki, sai a kashe nan take. Idan ba sana'arka ba ce, bar wa masu ita.

Nawa za a kashe?

Rizista da kondensa ba su da tsada, ana samunsu wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari, Kano. Ka dai tabbatar kondensar za ta jure bolt 400 ko fiye. Taransifoma da mitar asali su ne ba a ƙera sababbi, sai dai a ciro daga wata matacciya. Bawul kuwa har yau ana yin ta a Rasha da Sin da Silobakiya, don haka farashinta dala yake bi.