Baƙon tsuntsu a Zongo: yadda ake gane shekarunsa da jinsinsa

Mu mutanen Zongo mun san baƙunta, domin sunan unguwar tamu ma daga zangon fatake ya samo asali, kuma dattawanmu ba su manta da shekarar 1977 ba, lokacin da aka tashe mu daga tsakiyar Lome zuwa wajen Agoè, kusa da kogin Zio. To, akwai wasu baƙin da suke sauka a ƙasarmu kowace shekara ba tare da mun lura ba, wato ƙananan tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai. Yau za mu yi magana a kan ɗaya daga cikinsu, wanda ba kasafai yake kaiwa bakin teku ba.

Faransawa suna kiransa traquet motteux, masana kuma Oenanthe oenanthe. Nauyinsa bai wuce kimanin giram 25 ba. Yana son fili mai ƙarancin ciyawa, yana tsayawa a miƙe kan dutse ko suri, yana kaɗa jela. Idan ya tashi, sai ka ga ƙugunsa fari fat, da baƙi a ƙarshen jela mai siffar harafin T a juye. Yakan iso yankin Sahel, kamar Nijar da arewacin Nijeriya, wajen watan Satumba da Oktoba, ya koma arewa a Maris da Afrilu. A shekarar 2012 Franz Bairlein da abokan aikinsa sun buga sakamakon bincike da suka yi ta hanyar ɗaura wa wasu ƙananan na'urori. Sun gano cewa na Alaska suna yin tafiyar kimanin kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka, kuma wani daga tsibirin Baffin na Kanada ya ƙetare tekun Atalantika har ya sauka a Muritaniya. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya shiryar da shi.

Busasshiyar ƙasa ce mazauninsa na hunturu, don haka ganinsa a Lome abu ne da ya cancanci a rubuta. Amma masana ba sa tsayawa ga sunan tsuntsu kawai, sai sun tambayi shekarunsa da jinsinsa. Dalili kuwa shi ne, yawancin tsuntsayen da suke ɓatan hanya 'yan bana ne, waɗanda suke tafiyarsu ta farko. Babba ya riga ya san inda ya sauka bara.

Asirin gane shekaru yana cikin fukafukai. Babban tsuntsu yakan zubar da gashinsa duka bayan ya gama ƙyanƙyasa, ya sake sabo kafin ya kama hanya. Ɗan bana kuwa gashin jiki kawai yake sakewa, ya riƙe dogayen gashin fiffike da na jela waɗanda ya fito da su daga sheƙa. Wannan gashin ƙuruciya ba shi da ƙwari, rana da ƙura suna saurin cinye shi. Shi ya sa idan watan Fabrairu ko Maris ya kama, za ka ga fiffiken babban namiji baƙi ƙirin, na ƙaramin namiji kuwa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, bakinsa ya zaizaye.

Game da jinsi, dab da komawarsu gida abin ba wuya. Namiji bayansa toka-toka ne, yana da baƙin zane daga gindin baki ya ratsa ido zuwa kunne kamar wanda ya sha kwalli, da farar gira a sama. Macen bayanta ruwan ƙasa ne, ba ta da wannan baƙin zane sosai. A farkon zuwansu kuwa, wato Oktoba da Nuwamba, dukansu sukan yi ruwan ƙasa. A lokacin ana gane babban namiji da baƙin da ke tsakanin baki da ido da kuma duhun fiffike. Amma ɗan bana, namiji ne ko mace, kamarsu ɗaya da babbar mace, har gwanaye sukan rubuta cewa ba a tantance ba. A yi hattara kuma da danginsa traquet isabelle, wanda ya fi shi haske da dogayen ƙafafu, kuma baƙin jelarsa ya fi faɗi.

A nan akwai tarbiyya ga 'ya'yanmu. Wanda ya ga tsuntsu shaida ne, kuma shaida ba ya ƙara abin da idonsa bai gani ba. Yaro ya rubuta rana da wuri, launin baya da fiffike da fuska, ya ɗauki hoto da waya idan ya samu dama. Da irin waɗannan rubuce-rubuce ne Robert Cheke da Frank Walsh suka haɗa littafinsu na tsuntsayen Togo a shekarar 1996, kuma mujallar Malimbus tana buga irin wannan labari da Turanci da Faransanci. Idan aka tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, a kwafe lambar da adireshin da ke jiki a aika, kada a yar.

Abin da muke roƙon iyaye shi ne su ja kunnen yara a kan harbi da danƙo. Halittar da ta ƙetare Sahara da ɗan kitsen jikinta, naman da ke cikinta bai kai loma ɗaya ba. Aya ta 38 cikin Suratul An'am ta sanar da mu matsayin tsuntsaye a cikin al'ummomin da Allah ya halitta, kuma malamai sun karantar da mu hadisin da ya yi hani ga kashe ɗan tsuntsu don wasa. Ku tambayi malaman makarantunku su faɗaɗa wa yara bayani.

In hunturu ya shigo, uba ya ɗauki 'ya'yansa bayan sallar asuba su zaga filayen da ke wajen Zio, da littafi da alƙalami. Allah ya ba mu ikon kyautata wa baƙo, ya sa mu dace. Amin.