Abin mamakin silima ba tsafi ba ne

Jama'ar Maradi, Tibiri da Jiratawa, muna kallon fina-finan Kano a talabijin da cikin waya. Wani lokaci mutum ya ɓace ɓat, ko ya tashi sama. Wasu na cewa tsafi ne. A'a, dabara ce, kuma ana koyon ta.

Silima hotuna ne a jere. Hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga motsi.

Ƙaƙa mutum ke ɓacewa? Mai ɗauka ya tsaida na'urarsa. Ɗan wasa ya fita. A ci gaba da ɗauka, ba a gusa na'urar ba. In an haɗa, sai ka ga babu shi.

Tashi sama fa? Ana ɗaukar mutum gaban koren ƙyalle. Kwamfuta ta cire koren, ta sa gajimare.

Zane ma yana motsi. Ɗan ƙasarmu Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa, gwani ne a nan. A 1966 ya yi fim ɗin kwaɗi, «Bon voyage Sim», zane bayan zane. Ya rasu a 2015.

Gwada da kanka. Zana ƙwallo a gefen kowane shafin littafi, kana ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Saki shafuffukan da sauri. Ƙwallo za ta yi tsalle.

Saboda haka, a yi hattara. Wanda ya nuna maka bidiyon kuɗi na ninkuwa, dabarar nan ce. Kada ka ba shi kuɗin geronka.